Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: 2C-B, Danginsa, da Aikin Masu Ƙirƙirar Kalma

A gidajen rawa na biranen ƙasar Kolambiya ana sayar da wani gari mai launin ruwan hoda da ake kira tusi. Kalmar ba ta da saiwa a Sifaniyanci, ba kuma daga harsunan ƴan asalin yankin ta fito ba. Lafazin Ingilishi ne na lamba 2 da harafin C, wato farkon sunan sinadarin 2C-B, aka rubuta shi da ƙa'idar Sifaniyanci, har wasu sukan cika shi su ce tusibi. Idan aka kai garin ɗakin gwaji, a Kolambiya ne ko a Sifen ko a Amurka, da wuya a sami 2C-B a cikinsa. Abin da aka fi samu shi ne ketamin, da MDMA, da kafeyin, da rinin abinci. Ƴan jarida kuma sun ƙara masa suna na biyu, hodar ibilis mai ruwan hoda, alhali sau da yawa babu hodar ibilis a ciki. Gari ɗaya ya sami sunaye biyu, kowanne yana nuni ga abin da ba ya nan.

Ɗalibin ilimin harsuna zai iya cewa wannan matsalar masana kimiyyar haɗa magunguna ce da ƴan sanda. Sai dai abin da ya faru da tusi, tun daga aron lafazi, zuwa yanke wutsiyar kalma, zuwa ƙaurar ma'ana daga abu guda zuwa wani, duk darussa ne da ake bitar su a ajin ginin kalma da na ilimin ma'ana. Kuma tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar yadda za a rubuta irin waɗannan sunaye a doka da takardun asibiti da labaran rediyo ta tashi daga wasan ƙwaƙwalwa, ta zama aikin da wani zai yi. Wanda zai yi shi, mai yiwuwa yanzu yana zaune a aji a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai.

Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Alexander Shulgin, ne ya fara haɗa 2C-B a 1974, ya kuma bayyana shi tare da danginsa masu yawa a littafinsa PiHKAL na 1991. Sinadarin yana cikin rukunin da ke jirkita gani da ji da tunani ta hanyar taɓa wata kafa a ƙwaƙwalwa mai suna 5-HT2A, kafar da LSD da meskalin su ma suke taɓawa. Cikakken sunansa da Faransanci 4-bromo-2,5-diméthoxyphénéthylamine ne. Wanda bai saba ba zai ga tarin haruffa ne kawai, amma wanda ya taɓa feɗe kalmar Hausa irin su "maƙera" ko "mahaukaciya" zuwa ɗafa-goshi da saiwa da ɗafa-ƙeya zai gane tsarin nan take. Saiwar ita ce phénéthylamine: zobe mai ƙwayoyin zarra shida na kabon, da jela mai kabon biyu, da naitirojin a ƙarshen jelar. Guraben da ke jikin zoben an ƙidaya su daga 1 zuwa 6. Ɗafa-goshin diméthoxy yana cewa akwai wani gungu guda biyu iri ɗaya, lambobin 2,5 suna faɗin guraben da suke zaune, shi kuma 4-bromo yana cewa buromin na gurbi na huɗu. Kowace ƙwayar ma'ana a sunan tana da abin da take wakilta a jikin sinadarin, har masani zai iya zana shi a allo ba tare da ya taɓa ganinsa ba.

Gajeren sunan da Shulgin ya ba shi ma bai rasa tsari ba. 2C na nufin kabon biyun da ke jelar, B kuma buromin. Idan aka cire buromin aka sa aidin, sai a sami 2C-I. Idan kulorin ne, 2C-C. Ke nan 2C sunan gida ne, harafin ƙarshe shi ne sunan yanka. Waɗanda suka ƙirƙiri tusi sun riƙe sunan gidan, suka jefar da sunan yankan, daga baya kuma suka jefar da gidan baki ɗaya.

A nan ne abin ya fi kama da darasin zubin kamantau, inda kalmomi biyu suke daidai a komai in ban da ƙwayar sauti ɗaya. Bahaushe bai taɓa ɗaukar "kasa" da "ƙasa" a matsayin abu ɗaya ba, ko "bata" da "ɓata", ko "baki" da "baƙi", duk da cewa a takarda ƴar lanƙwasa ce kawai ta raba su, lanƙwasar da yawancin masu rubutu a wayar salula ba sa damuwa da ita. A ƙara kabon ɗaya a jelar 2C-B, sai ya koma DOB. Ƙarfin DOB ya kai kusan ninki goma na 2C-B, yana jinkirin fara aiki, kuma inda 2C-B kan saki mutum cikin sa'o'i huɗu zuwa takwas, DOB kan iya riƙe shi kwana guda cur ko fiye. Wanda aka ba DOB da sunan 2C-B zai ɗauki adadin da ya wuce kima tun da fari, ya jira bai ji komai ba, ya ƙara. Wannan ƙarin kabon guda shi ne kuma ya mayar da saiwar sunan daga phénéthylamine zuwa amphétamine, kalmar da ita kanta dunƙule ce ta alpha-méthylphénéthylamine, aka tsinci haruffa daga kowace gaɓa aka haɗa.

A bar jelar yadda take, a liƙa wani zobe a jikin naitirojin, sai a sami 25B-NBOMe. Wannan zuriya ta fito ne daga binciken digirin Ralf Heim a wata jami'a ta Balin a farkon shekarun 2000, kuma ƴan gidan suna aiki a ma'aunin da ido ba ya iya gani, ƙasa da miligiram ɗaya. Saboda ƙanƙantar adadin, ana iya ɗiga su a ƴar takarda kamar yadda ake yi wa LSD, haka kuwa aka riƙa sayar da su da sunan LSD. Daga 2012 aka fara samun rahotannin mace-mace a Amurka da Ostareliya da Turai, musamman daga 25I-NBOMe. LSD yakan jefa mutum cikin haɗari ta hanyar gushewar hankali, amma da wuya ya kashe ta hanyar guba kai tsaye. Ƴan gidan NBOMe kuwa suna kawo farfaɗiya da bugun zuciya mai tsanani, suna kuma kashewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa uku daga cikinsu a jadawali na ɗaya na yarjejeniyar 1971 a shekarar 2015.

Akwai wani abin lura a lambar 25 ɗin nan. Albert Hofmann ya haɗa LSD a kamfanin Sandoz da ke Basel a 1938, ya kira shi LSD-25 domin shi ne na ashirin da biyar a jerin da yake gwadawa. Lambar 25 da ke goshin 25B-NBOMe kuwa ba ashirin da biyar ba ce, gurbi na 2 da gurbi na 5 ne aka cire waƙafin da ke tsakaninsu. Siffa ɗaya, ma'ana biyu da ba su da alaƙa, kamar "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Bambancin shi ne, a Hausa karin sauti da muhallin jimla sukan warware ruɗanin, a ƴar takardar da ake saye a duhu kuwa babu abin da zai warware shi.

Misali mafi tsafta yana wani gidan daban. Silosin, wanda shi ne ke aiki a jikin wanda ya ci naman kazar nan na Meziko, sunansa na tsari 4-HO-DMT. Bufotenin, wanda aka samo sunansa daga kalmar Latin ta kwaɗo domin a fatar kwaɗo aka same shi, 5-HO-DMT ne. Ƙwayoyin zarrarsu iri ɗaya ne, adadi ɗaya: kabon 12, haidirojin 16, naitirojin 2, oksijin 1. Gungu ɗaya ne ya gusa daga gurbi na huɗu zuwa na biyar, amma yadda suke shiga ƙwaƙwalwa da abin da suke yi wa jiki sun bambanta. Shi kuma bufotenin, idan aka cire masa ƙananan gungu biyu, ya zama serotonin, sinadarin da ke jikin kowane ɗan Adam. Editan da ya ga "4-HO" ya ce tarkace ne ya share, ya share abin da ya raba su ke nan.

Wannan tsari ba da ka ya zo ba. A 1787 Guyton de Morveau da Lavoisier da Berthollet da Fourcroy suka fitar da sabuwar hanyar sanya wa sinadarai suna a Faransa, domin maye gurbin tsofaffin sunayen da ba sa faɗin komai game da abin da ke ciki. Lavoisier ya ɗauki ra'ayin daga Condillac, wanda yake ganin gyaran ilimi da gyaran harshensa tafiya ɗaya suke. Taron Janeba na 1892 ya shimfiɗa ƙa'idojin sinadarai masu kabon, ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919 ta gaji aikin. Saussure ya koyar da cewa babu wata alaƙa ta dole tsakanin sautin kalma da abin da take nufi, kuma hakan gaskiya ne ga "doki" da "ruwa". Sunan tsari na sinadari yunƙuri ne na gangan na ƙulla wannan alaƙa ta dole. Amma harshen yau da kullum ba ya haƙuri da dogon suna. Yana taune shi, yana yanke shi, kuma yankan kan faɗa ne daidai kan lambobi da ƙananan ɗafe-ɗafe, domin su ne masu wuyar faɗi. Haka 5-MeO-DMT kan koma DMT a bakin mutane, alhali akwai wani sinadarin daban mai wannan suna, wanda ya fi shi rauni nesa ba kusa ba. Abin da baki ya ga ya fi sauƙin zubarwa, shi ne ke ɗauke da bambancin.

Ruɗanin ma ya girmi sunayen tsari. Lokacin da Arthur Heffter ya ware sinadarin da ke cikin tsiron feyoti a 1897, ya kira shi meskalin, domin a kasuwa ana kiran busassun kawunan tsiron da kalmar mescal. Kalmar kuwa asalinta ta harshen Nawatil ce, kuma sunan wani tsiro ne daban da ake gasawa ana kuma yin giya da shi. Har yau akwai masu zaton giyar mezcal tana ɗauke da meskalin. Kuskuren ɗan kasuwa ya shiga littafin kimiyya, ya zauna fiye da shekara ɗari.

Doka ta fi kowa shan wahalar wannan al'amari, domin ita da suna take kamu. Yarjejeniyar Biyana ta 1971, wadda Nijar da Nijeriya duk suke cikinta, tana lissafa sinadarai ne ɗaya bayan ɗaya: DOB yana ciki da sunan brolamfétamine, an ƙara 2C-B a 2001. Kafin a hana shi, an sayar da 2C-B a fili da sunayen kasuwa irin su Nexus da Erox. Duk lokacin da aka rubuta suna a jadawali, masu haɗawa sukan gusar da gungu ɗaya su fito da ɗan'uwan da ba a rubuta ba. Amurka ta amsa da dokar 1986 mai hukunta duk abin da ya yi kama sosai da haramtaccen sinadari, sai kotuna suka shiga jayayyar ina iyakar "kama sosai". Birtaniya a 2016 ta bar maganar siffa, ta hana duk abin da ke taɓa hankali, sannan ta dawo tana cire giya da taba da kafeyin daga hanin. Jamus ta zaɓi siffanta gida gaba ɗaya da dogayen jimlolin kimiyya, kuma a gyaran dokar na 2022, wanda aka yi domin hana 1V-LSD, masana shari'a suka gano an sa karan ɗori inda ya kamata a sa waƙafi, abin da ya sa aka yi ta muhawara ko hanin ya hau kan sinadarin ko bai hau ba, sai da aka sake gyarawa a 2023. Duk ɗalibin da ke raina darasin alamomin rubutu ya riƙe wannan labari.

To, me Hausa take da shi a hannu? Tana da "ƙwaya", da "miyagun ƙwayoyi", da "kayan maye". Kalmomi ne masu amfani a huɗuba da gargaɗin iyaye, amma buhu ne da ake zuba komai: tiramol, wanda danginsa su ne magungunan kashe ciwo irin na ofiyom, da diyazefam mai sa barci, da amfetamin mai hana barci, da sholisho, da wiwi. Likitan da aka kawo wa yaro a sume aka ce masa "ƙwaya ya sha" bai ƙaru da komai ba, domin maganin da ke farfaɗo da wanda ofiyom ya danne numfashinsa ba ya yi wa wanda ya sha amfetamin komai. Abin mamaki shi ne Hausar gargajiya ta fi ta zamani tantancewa a nan. Ta ware zaƙami da sunansa, har ta yi masa laƙabin haukata-yaro, wanda ya faɗi aikinsa daidai: ruɗewa ce da zazzaɓi da bushewar baki da mantuwa, ta hanyar sinadaran atrofin da sikofolamin, hanyar da ba ta da alaƙa da kafar 5-HT2A. Mai fassarar da ya kira LSD "zaƙamin Turawa" don ya kusanto da shi ga mai sauraro zai haɗa abubuwa biyu da ilimin magunguna ya raba.

Sunan rukunin kansa yana buƙatar hattara, domin kowace kalmar da Turawa suka gwada tana ɗauke da hukunci. Likitocin farko sun kira su masu kwaikwayon hauka. Humphry Osmond, likitan ƙwaƙwalwa da ke aiki a Kanada, ya ƙirƙiro kalmar da Faransanci ya ara a matsayin psychédélique cikin wasiƙunsa da Aldous Huxley a 1956, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "rai" da "bayyanawa", don ya kauce wa waccan fassara. A 1979 wasu masana suka kawo enthéogène, mai nufin abin da ke haifar da wani abu na ubangiji a cikin mutum. Ta farko ta yanke hukuncin cuta, ta biyu yabo ce a fakaice, ta ukun kuwa da'awa ce ta addini wadda mai karatun Hausa ba zai karɓa ba, kuma ba aikin ƙamus ba ne ya cusa masa ita. Abin da ya fi dacewa shi ne siffantawa ba yabo ba zagi, kamar "masu jirkita gani da ji". "Masu sa gane-gane" ma za ta yi, sai dai tana jan hankali zuwa ga iskoki, kuma tana iya haɗawa da zaƙami.

Ga sunayen ɗaiɗaikun sinadarai kuwa, shawarar ta saɓa wa abin da masu kishin harshe suka saba so. Kada a ƙirƙira musu sunan Hausa, kada kuma a hausantar da lafazin gajerun sunayensu a rubuce. Dalilin yana kan iyakar Nijar da Nijeriya. Harshe ɗaya ne, amma ƙofofin aronsa biyu ne: kuran a nan, lantarki a can, kamyo a nan, lori a can, farmasi a nan, kyamis a can. Wannan yalwa ce idan maganar mota ake yi. Idan aka bi hanyar da 2C-B, ɗan Maraɗi zai rubuta "desebe", ɗan Katsina ya rubuta "tusibi", sai abu ɗaya ya sami sunaye biyu a garuruwan da tafiyar ƴan sa'o'i ce ta raba su, kuma na biyun ya riga ya zama sunan wani gari daban a Kolambiya. Sunayen da suka riga suka zama kalmomi, irin su meskalin da serotonin, ana iya rubuta su da ƙa'idar Hausa ba tare da asara ba. Masu lamba da harafi da karan ɗori kuwa a bar su yadda suke, kamar yadda ake barin lambar mota. Inda ƙwazon ƙirƙira ya kamata ya tafi shi ne kalmomin bayani: zobe, jela, gurbi, gungu, kafa, gida, da yadda za a ce "gurbi na huɗu" a ji shi a rediyo ba a ruɗe ba.

Akwai masu ganin cewa bambance waɗannan abubuwa da sunayensu talla ce, gara a bar su duka cikin buhun "miyagun ƙwayoyi" don kada matasa su yi sha'awa. Damuwar ba ta banza ba ce, kuma babu wanda ke neman a koya wa yara jadawalin Shulgin. Amma duhun suna bai taɓa kare mai sha ba, mai sayarwa yake karewa. A Saliyo kalmar kush ta zauna daram shekara da shekaru alhali abin da ke cikinta yana canzawa, har shugaban ƙasar ya ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a watan Afrilu 2024, gwaje-gwaje kuma suka nuna wasu samfuran na ɗauke da nitazin, dangin ofiyom masu tsananin ƙarfi. Suna ɗaya da ba ya canzawa shi ya ba dillali damar canza kayan. Sannan masu buƙatar tantancewar ba matasan fada ba ne tun farko: alƙali ne da zai yanke hukunci, da jami'in duwan da ya kama fakiti, da ma'aikaciyar jinya, da ɗan jaridar da zai fassara labarin cewa tun watan Yuli 2023 Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da silosaibin ga masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. Idan abin da yake da shi kawai "ƙwaya" ne, mai sauraro zai ji cewa wata ƙasa ta halatta shaye-shaye, alhali sinadari ɗaya ne, ga ciwo ɗaya, a hannun likitocin da aka tantance.

Aikin ba na sashen harsuna ba ne shi kaɗai. Jami'ar Abdu Mumuni tana da masu koyar da ilimin sinadarai da na magunguna a harabar da masu nazarin Hausa suke, kuma ƙaramin ƙamus na shafi ashirin da ɓangarorin biyu suka zauna suka tsara zai wadatar da farko. Kowace shigarwa ta ɗauki sunan tsari yadda yake, da gajeren suna yadda yake, da rukunin da Hausa, da sunayen titi idan akwai, tare da alamar da ke nuna cewa sunan titi ba shaida ba ne kan abin da ke ciki. A ƙarƙashin 2C-B, sai a ƙara layi ɗaya: a duba DOB da 25B-NBOMe da tusi, ba shi ba ne.